Wata Bakwai Ina Bin Fayil Ɗaya: A Ina Gizo Ke Saƙa a Tsarin Biyan Diyyar Ma'aikata?

Mai Injin:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni. Shekara tara ina aiki a kan injin matse ƙarfe. Wata bakwai da suka wuce, saura kamar rabin awa mu tashi, falle ɗaya ya karkace, na kai hannu zan daidaita shi, injin ya sauko. Yatsu biyu na hannun dama suka tafi nan take, na ukun yana nan amma ba ya lanƙwasuwa. Wannan na karɓe shi a matsayin ƙaddara, ba shi ya kawo ni ba.

Abin da ya biyo baya shi ya kawo ni. Kamfaninmu yana zuba kuɗin inshorar rauni, na tabbatar da haka. Amma har yau ko sisi bai shigo hannuna ba. Na cike fom sau biyu, don na farkon an ce ba a gan shi ba. Likita uku suka duba hannun nan, kowanne da tasa takardar. Takarduna duk suna cikin leda guda, duk inda za ni da ita nake tafiya, har gefensu ya fara cinyewa. Rannan wani jami'i ya mayar mini da fom wai sa hannuna bai yi daidai da na katin aikina ba. Na ɗaga masa hannun na nuna masa, na ce da hagu nake rubutu yanzu. Ya yi shiru, amma fom ɗin dai sai da na sake shi.

Ina roƙon waɗanda suka san harkar nan su faɗa mini gaskiya: a ina lokacin yake tafiya? Kuma da a ce za a gyara, me ya kamata a fara taɓawa?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa, ya musanya maka da mafi alheri. Ina nan ina sauraro, don ni ma ina da tawa damuwar, zan kawo ta in an ɗan yi nisa.

Tsohuwar Akawu:
Sannu ƙanena, Allah ya sa kaffara ce. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina duba irin waɗannan fayil-fayil kafin na ajiye aiki, saboda haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani daga wancan gefen tebur.

Fayil irin naka, in za a haɗa ainihin aikin da za a yi a kansa, wato a karanta, a tabbatar kai ma'aikacinsu ne, a tabbatar a bakin aiki abin ya faru, a lissafa abin da ya kamata a ba ka, bai wuce aikin yini biyu ba. Ragowar wata bakwai ɗin duk zaman jira ne. Fayil yana jiran rahoton kamfani. Rahoto ya zo, yana jiran takardar albashi. Ta zo, yana jiran sa hannun wani da ya yi tafiya. Ya dawo, sai a ga takardar likita ta tsufa, a ce a kawo sabuwa. Abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne, fayil ba shi da uba. Yana bi ta hannun mutum shida ko bakwai, kowa ya yi nasa ya tura gaba, amma babu mutum ɗaya da za a kama a ce kai ne da alhakin wannan bawan Allah har a sallame shi. Idan ya maƙale tsakanin tebur biyu, ba wanda ya yi laifi, kuma ba wanda zai tashi ya nemo shi.

Shi ya sa duk lokacin da na ji manya suna maganar inganta tsari, sai in kasa kunne in ji me suke aunawa. Galibi kuɗin da aka rage kashewa suke ƙirgawa, da yawan fayil ɗin da aka rufe a shekara. Ni a wurina ma'auni biyu ne kacal: kwana nawa ne tsakanin ranar da mutum ya ji ciwo da ranar da kuɗin farko ya shiga hannunsa, sannan mutum nawa ne suka koma neman abincinsu da kansu. Ofishin da bai san amsar waɗannan biyun ba, bai san ko yana aiki ba.

Barista:
Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Bari in ɗan koma baya, don mutane da yawa suna ɗaukar diyyar nan kamar alfarma ce ake yi musu.

Kafin a yi waɗannan dokoki, ma'aikacin da ya ji rauni sai dai ya kai mai kamfani kotu, ya kuma tabbatar da cewa sakacin mai kamfanin ne ya jawo. A kotunan Ingila da Amurka, mai kamfani yana da mafita uku: ya ce kai ma da naka sakacin, ko ya ce abokin aikinka ne ya jawo ba shi ba, ko ya ce ka san aikin yana da haɗari ka karɓa. Da wuya talaka ya tsallake ukun nan. Jamus ce ta fara sauya hanya a 1884, zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, ta kafa inshorar haɗarin aiki wadda masu kamfanoni ke zuba wa kuɗi. Ingila ta yi tata dokar a 1897, Faransa a 1898, jihar Wisconsin ta Amurka a 1911. A Kanada, alƙali William Meredith ya miƙa rahotonsa a 1913, wanda har yau a kansa tsarin lardunan ƙasar ya ginu.

Ciniki aka yi, ba kyauta ba. A yawancin ƙasashen nan ma'aikaci ya haƙura da damar maka ubangidansa a kotu don neman kuɗi mai yawa. Abin da aka ba shi a madadi shi ne: ba za a tsaya neman mai laifi ba, za a biya shi, kuma da wuri. To idan aka karɓe masa damar zuwa kotu sannan aka bar shi wata bakwai ba ko sisi, an karɓi kayansa ba a ba shi kuɗinsa ba ke nan.

Game da maganar jira kuwa, dubi yadda Faransa ta ɗaure abin. Ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin awa 24. Mai kamfani ya sanar da asusun inshorar da ke biyan diyya cikin awa 48. Daga ranar da sanarwar da takardar likita suka isa, asusun yana da kwana 30 ya yanke hukunci ko ya buɗe bincike, in ya buɗe bincike wa'adin ya zama kwana 90. Ga inda maganar take: idan wa'adi ya cika asusun bai ce uffan ba, doka ta ɗauka ya amince cewa haɗarin na aiki ne. Shirun ofis ofis yake ci, ba mai rauni ba. A ganina wannan layi ɗaya na doka ya fi taro goma amfani.

Mai Injin:
Barista, wato da a can nake, tun wata na uku an gama maganar ko na aiki ne ko ba na aiki ba ne?

Barista:
Ƙwarai kuwa. Lissafin naƙasa zai iya ɗaukar lokaci, don sai ciwo ya tsaya ake auna shi, amma magani da kuɗin da za su maye gurbin albashi ba sa jiran wannan. Har takarda ake ba mai rauni wadda zai nuna a asibiti da kantin magani ba tare da ya fitar da kuɗi daga aljihunsa ba.

Mai Ƙaramin Kamfani:
Ku yi mini haƙuri in shigo ta wani gefen. Malam Mai Injin, wallahi na tausaya maka, kuma ban goyi bayan abin da ake maka ba. Amma ina da ma'aikata ashirin da wani abu, kuma na san abin da muke sha. Haɗari ɗaya ya faru, sai in rubuta labari ɗaya sau uku a fom uku daban: na masu inshora, na masu duba lafiyar wurin aiki, na ofishin ƙwadago. Ba ni da wani sashe na musamman, ni ne da akawuna. Idan rahotona ya makara, wani lokaci ba mugunta ba ce, yawan takardun ne.

Na biyu, kada mu rufe ido a kan masu ha'inci. Na taɓa samun yaron da ya gurɗe a filin ƙwallo ranar hutu, washegari ya zo yana ɗingishi ya ce a kan tsani ya faɗo. In aka ce shiru ya zama amincewa, ba a buɗe wa irinsu ƙofa ba? Kuma a ƙarshe mu za a ƙara wa kuɗin da muke zubawa.

Tsohuwar Akawu:
Alhaji, maganarka ta farko gaskiya ce tsantsa, ina bayanka. Rahoto ɗaya ya isa, ofisoshin su raba shi a tsakaninsu. Ba aikinka ba ne ka zama masinjan gwamnati.

Ta biyun kuwa, masu ha'inci suna nan, na kama su da hannuna. Amma a shekarun da na yi, ba su taɓa zama masu yawa ba in aka gwada da masu gaskiya. Kuskuren da muka riƙa yi shi ne, muna yi wa kowane fayil binciken da ya dace da wanda ake zargi. Mutumin da injin ya cire wa yatsu a gaban mutum goma, da rahoton asibiti na ranar, me za a bincika? A raba hanya biyu tun daga ƙofa. Abin da yake a fili a biya shi cikin kwanaki, a yi tantancewar daga baya. Wanda yake da alamar tambaya, irin wanda ba shaida, ko labarin ya sauya sau biyu, shi za a tura wa ƙwararrun masu bincike, waɗanda a lokacin za su samu sararin yin aikin da kyau tunda ba a binne su da fayil ɗin da ba ya buƙatarsu ba. Yaronka na filin ƙwallo ya fi saurin kamuwa a irin wannan tsari.

Kwamared:
Alhaji, da girmamawa, tunda an kawo maganar ha'inci bari mu faɗe ta duka. Akwai ha'incin da ba a cika magana a kansa ba, kuma daga sama yake zuwa. A wurare da yawa kuɗin da kamfani ke zubawa yana hawa ko sauka gwargwadon yawan haɗarin da aka rubuta masa. Niyyar mai kyau ce, don mai kamfani ya ji a aljihunsa ya sa wa injin kariya. Amma hanya biyu ce ke rage adadin: ko ka rage haɗari, ko ka rage rahoto. Ta biyun ta fi sauƙi.

Na sha gani. Akwai allo a bakin ƙofa an rubuta kwana ɗari biyu da kaza ba a yi haɗari ba, kuma an yi wa sashen alkawarin tukuici in sun cika shekara. Yaro ya yanke, jini yana zuba, abokan aikinsa da kansu ne za su ce ya daure. Shugaban sashe ya sa shi a mota ya kai shi wani ƙaramin asibiti, ya biya daga aljihu, ya ce ya huta kwana uku albashinsa na tafiya. Yaro ya yi godiya. Bayan wata shida jijiya ta ƙi warkewa, ya je neman haƙƙinsa, a ce babu wata takarda da ta nuna ya taɓa jin ciwo a wurin aiki.

Gyaran shi ne kada ƙofar shiga ta zama a hannun mai kamfani shi kaɗai. Ma'aikaci ya iya kai rahoto da kansa, likitan da ya fara ganinsa ma ya iya turawa kai tsaye, kuma korar mutum saboda ya kai rahoto ta zama laifi mai tsada.

Mai Ƙaramin Kamfani:
Ban musa ba Kwamared, ana yi. Ni dai ban taɓa yi ba, kuma in likita zai riƙa tura rahoton da kansa, ni ma ya rage mini nauyi.

Likita:
Ina bin muhawarar tun ɗazu. Abin da ban ji an taɓo sosai ba shi ne hannun kansa. Malam Mai Injin, wannan yatsa na uku da ka ce ba ya lanƙwasuwa, an tura ka wajen masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai?

Mai Injin:
An ambata mini sau ɗaya, Likita, amma aka ce sai an amince da fayil kafin a biya, ni kuma ba ni da halin biya da kaina.

Likita:
To ka ga inda asarar take. Gaɓar yatsa in ta daɗe ba motsi takan sandare, jijiya ta manne da naman da ke kewaye da ita. Abin da za a iya ceto shi a makonnin farko da motsa jiki, bayan watanni sai ya zama sai tiyata, wani lokacin ma tiyatar ba ta dawo da shi yadda yake. Ofishin da ya jinkirta kuɗin gashi don ya yi tsimi, shi ne zai zo ya biya diyyar naƙasa mafi girma har ƙarshen rayuwar mutum. Kowa ya yi asara, amma mai hannun ya fi kowa. Duk da haka kada ka fid da rai, ka samu likitan hannu ya duba maka ko yanzu, sau da yawa akwai sauran abin yi.

Jamusawa suna da ƙa'idar da suke tafiya a kai: gyaran jiki kafin fansho. Suna da likitoci na musamman da aka tantance don raunin aiki. Wanda ya ji ciwo wurinsu ake kai shi, su ne ke tsara maganin, su ne kuma ke aika rahoto ga asusun. Mai kamfani kuma dole ya kai rahoto cikin kwana uku idan raunin zai hana mutum aiki fiye da kwana uku. Malesiya ma ta fara shirin mayar da masu rauni bakin aiki a 2007, inda ake haɗa mutum da jami'i guda da zai bi shi daga asibiti har ya koma aikinsa ko ya samu wani.

Maganar likita uku kuwa, ɓata lokaci ne. A samu ma'auni guda rubutacce wanda kowa ya sani, cewa rasa wannan gaɓa kashi kaza ne, likita ɗaya da aka horar ya auna, ya rubuta dalilinsa. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa kwamitin da ba ya ƙarƙashin mai biyan kuɗin. Sai dai ina da gargaɗi ɗaya: komawa aiki da wuri magani ne in an ba mutum aikin da jikinsa zai ɗauka, amma in aka mayar da shi kan injin da ya raunata shi ciwo bai warke ba don kawai a rufe fayil, cutarwa ce.

Ɗan Kwamfuta:
Iyayena da yayyena, ni a ganina duk wannan matsalar takarda ce. A sa komai a kwamfuta. Mutum ya kai rahoto ta wayarsa, ya ɗauki hoton takardar likita ya tura, a ba shi lamba, kuɗi ya shiga asusunsa na banki. Fayil ba zai ɓata ba, ba sai an yi ta sintiri ba.

Tsohuwar Akawu:
Ɗana, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Lambar bibiya, da saƙon waya da zai gaya wa mutum fayil ɗinka yana wurin wane, yana jiran kaza, wannan kaɗai zai share hawayen mutane da yawa. Haka kuma tunda kamfani yana zuba kuɗi bisa albashin ma'aikatansa, bayanin albashin ya kamata a ce yana cikin kwamfutar asusun tun tuni, ba sai an ce mai rauni ya je ya roƙo shi ba.

Amma na ga lokacin da aka kawo mana kwamfuta. Sa hannu tara da muke yi a takarda, su aka kwashe aka zuba a ciki, tara ɗin nan ba a rage ko ɗaya ba. Har aka ƙara da cewa sai an buga a takarda an adana. A fara zama a tambayi kowane mataki: kai me kake hanawa? Wanda ba shi da amsa a cire shi, sannan a kira ku. Kuma a bar ƙofa ga wanda bai iya karatu ba, ko wanda hannun da zai latsa wayar ne ya tafi.

Maman Biyu:
Bari in kawo tawa yanzu. Maigidana ya yi shekara sha shida a wurin fasa dutse. Ya bar aikin da ƙafarsa, lafiya ƙalau a ido. Bayan wasu shekaru tari ya fara, sai numfashi. Yanzu daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya ya dafa bango. Likitoci sun ce ƙurar dutse ce ta cinye huhun, kuma ba ya komawa daidai. Kamfanin ya daɗe da rufewa. Duk inda na je sai a tambaye ni ranar da haɗarin ya faru. Wace rana zan ce? Kullum ne, shekara sha shida.

Kwamared:
Innalillahi. Allah ya ba shi sauƙi, Yaya, ya ba ki ladan jinya. Irin mijinki su ne suka fi yawa, kuma su aka fi mantawa da su. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin aiki. Daga ciki kimanin miliyan 2.6 cuta ce ke kashe su, haɗari kuwa kimanin 330,000. Amma fom ɗinmu an tsara shi ne don wanda ya faɗo daga bene, ba don wanda ƙura ta ci a hankali ba.

Masu haƙar zinare a Afirka ta Kudu da wannan ciwon ya kama sai da suka yi shekaru suna shari'a kafin a cimma sulhun rand biliyan 5 a 2018, kuma da yawa sun rasu kafin kuɗin ya iso. A Bangaladash, da ginin Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinkin tufafi ya rufta a Afrilun 2013 ya kashe mutum sama da 1,100, babu wani tsayayyen asusu da zai ɗauki nauyin, sai da aka riƙa bin kamfanonin tufafi ɗaya bayan ɗaya, kuma asusun da aka kafa daga baya bai cika dala miliyan 30 da ake nema ba sai a Yunin 2015. Sai a 2022 ƙasar ta fara gwajin inshorar raunin aiki ga masu ɗinkin tufafi.

Barista:
Hajiya Maman Biyu, matsalarki ta fito da bambanci tsakanin tsari biyu. Akwai inda doka ta ce kowane mai kamfani shi zai biya ma'aikacinsa. A nan in kamfani ya mutu, haƙƙi yakan mutu tare da shi. Akwai kuma inda kowa ke zubawa a asusu guda, asusun ne ke biya, ko kamfanin yana raye ko ba ya raye. Cutar da ke ɓoyewa shekara ashirin kafin ta bayyana, tsari na biyu ne kawai ke iya riƙe ta. Ingila ma sai da ta yi doka ta musamman a 2014 don masu ciwon dajin da ƙurar asbestos ke jawowa, waɗanda suka nemi tsohon kamfaninsu ko mai inshorarsa suka rasa.

Abu na biyu shi ne jerin cututtukan aiki. ILO tana da irin wannan jeri, an sabunta shi a 2010, kuma ciwon huhu na ƙurar dutse yana ciki. Amfanin jerin shi ne, in cutar tana ciki, kuma an nuna mutum ya yi irin aikin da ke kawo ta, sai a ɗauka aikin ne sanadi, ba sai mara lafiya ya tsaya yana kawo hujjar da likitoci ma sai sun yi da gaske ba. Ki fara bincika ko dokar ƙasarku tana da wannan jeri, da kuma wa'adin kai ƙorafi, don a wurare da dama daga ranar da likita ya gano cutar ake fara ƙirga, ba daga ranar barin aiki ba. Ki nemi lauya ko ofishin ƙungiyar ƙwadago da wuri, kada wa'adin ya wuce.

Mai Injin:
Ina da wata tambaya. In Allah ya sa aka amince, ni na fi son a ba ni kuɗina dunƙule in ja jari, da a riƙa ɗiga mini duk wata. Laifi ne?

Barista:
Ba laifi ba ne, amma ya danganta da dokar wurinku da girman naƙasar. Yarjejeniyar ILO mai lamba 121 ta 1964 ta fi karkata ga biya lokaci-lokaci in asarar mai girma ce, ta bar biyan dunƙule ga ƙaramar naƙasa, ko inda hukuma ta gamsu za a yi amfani da kuɗin ta hanyar da za ta amfani mai shi. Ta kuma sa ma'aunin kashi 60 cikin 100 na albashi ga magidanci mai mata da 'ya'ya biyu da ya kasa aiki. Wasu ƙasashen sun zarce haka, New Zealand kashi 80 take biya.

Tsohuwar Akawu:
Ƙanena, ka yi tunani sosai kafin ka sa hannu a takardar da ta ce an sallame ka gaba ɗaya. Na ga waɗanda suka karɓi dunƙule suka kafa sana'a ta zauna, na kuma ga waɗanda bashin da suka ci lokacin jira ya cinye rabin kuɗin a satin farko, bayan shekara biyu ciwo ya tashi ba inda za su koma. Wanda aka bari wata bakwai ba albashi, duk abin da aka miƙo masa karɓa zai yi, kuma masu tayin sun san haka. Ko me za ka zaɓa, ka tabbata maganar magani nan gaba ba ta rufe ba.

Yanzu ga abin da za ka yi gobe. Kada ka tambaye su ina aka kwana. Ka ce: a teburin wa fayil ɗina yake yau, wace takarda yake jira, kuma daga wurin wa. Ka rubuta sunan wanda ya amsa maka da kwanan wata a gabansa. Duk takardar da za ka miƙa, ka riƙe kwafi a sa maka hatimin karɓa a kai.

Mai Injin:
Jama'a na dawo, kwana huɗu ke nan. Hajiya, na yi yadda kika ce. Da na yi tambayoyin nan uku, jami'ar ta tashi da kanta ta shiga ciki, ta fi minti ashirin, ta fito da fayil ɗin. Ashe takardar albashina ta watannin baya yake jira. Sun rubuta wa kamfaninmu wasiƙa wata biyar da suka wuce, ba amsa, ba wanda ya sake tuntuɓa, ni kuma ba wanda ya gaya mini. Na je wurin akawunmu, ya ce wasiƙar ba ta taɓa zuwa hannunsa ba. A gabana ya buga takardar, bai kai minti goma ba. Na mayar, an sa mini hatimi a kwafina, an ba ni ranar zuwa gaban kwamitin likitoci nan da sati uku. Likita, na kuma samu ganin mai duba hannu, ya ce zai gwada gashi na wata biyu kafin a yi maganar tiyata.

Tsohuwar Akawu:
Alhamdulillahi. Ranar kwamitin ka tafi da hoton ƙashi na farko da na baya-bayan nan, ka kuma gaya musu da dama kake aiki, ka nuna musu abin da hannun ba ya iya yi yanzu, kada kunya ta sa ka ce da sauƙi.

Maman Biyu, ke kuma ki duba cikin kayan maigidan ko akwai tsohon katin aiki, ko takardar albashi ko da guda ɗaya ce, ko hoton da ya ɗauka a wurin. In babu, ki nemo mutum biyu da suka yi aiki tare da shi waɗanda za su iya ba da shaida a rubuce. Ki faɗa mana abin da kika samu.

Maman Biyu:
Akwai katin, Hajiya, yana cikin akwatinsa, hoton ya ɗan goge amma suna da lamba suna fita. Abokan aikin nasa kuma na san gidan ɗaya, shi ma tarin yake yi. Gobe in Allah ya kai mu zan je in same shi.